AMSOSHIN WASIƘUNKU: Labarin Fim Ɗin Ban Dariya Da Ya Ɓace Aka Sake Gano Shi

  Kamar yadda muka saba, amsar da aka bayar ta rediyo ita muke kawo muku a rubuce, don wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya samu ya karanta, ko kuma a karanta masa.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano. Ya ce ya taɓa jin labarin wai an gano wani tsohon fim na ban dariya a Amurka bayan ya ɓace shekara da shekaru, har Turawa suna ta murna. Yana son ya san wane fim ne wannan, yaya ake yi fim ya ɓace tun da ba akuya ba ne balle a ce ya tsinke igiya, kuma ina aka gano shi. Sannan ya ƙara da cewa an gaya masa wai ba komai a cikin fim ɗin sai jifa da abinci, to mene ne abin murna a nan?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Sai ka gyara zama, don amsar tana da ɗan tsawo.

SU WANE NE SUKA YI SHI?

Sunan fim ɗin da Turanci The Battle of the Century, wato Gumurzun Ƙarni. An fito da shi ranar 31 ga Disamba, 1927, daga kamfanin wani mutum mai suna Hal Roach a Kalifoniya. Taurarinsa mutum biyu ne, Stan Laurel da Oliver Hardy. Laurel siriri ne, an haife shi a Ingila a 1890, kuma tare da Charlie Chaplin suka shiga Amurka a 1910 cikin ƙungiyar wasa guda. Shi Chaplin ɗin nan kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, don kalmar nan ta cali da ake kiran mai abin dariya a fim, da sunansa ake danganta ta. Hardy kuma ƙato ne mai tumbi, haifaffen jihar Jojiya ta Amurka a 1892. A wasansu, siririn shi ne wawa, abu kaɗan sai ya sosa kai ya ɓare baki da kuka. Ƙaton kuwa ganin kansa yake yi mai wayo, alhali ya fi abokin nasa wauta. Finafinai fiye da 100 suka fito a ciki tare, amma a 1927 yanzu suka fara haɗa kai, duniya ba ta gama saninsu ba.

A wancan zamani fim ba ya magana. Hoto ne kawai ke motsi, jefi-jefi a nuna rubutu a allo don a san abin da aka ce, wani kuma yana zaune a gaba yana kaɗa fiyano. Dattawan da suka ga zamanin motar majigi, wadda kan zo gari da almuru a kafa farin allo a ƙofar fada mai bayani yana yi da lasifika, za su gane abin da muke nufi. Da yake ba magana, dole ɗan wasa ya ba da dariya da fuska da jiki, shi ya sa wanda bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba zai kalla ya yi dariya har da hawaye.

Fim ɗin gajere ne, bai wuce minti 20 ba, a kan faifai biyu. Faifan fim na da kamar babban kwarkwaro yake, an naɗe shi da dogon zare mai tsawon wajen mita 300, jikin zaren duk ƙananan hotuna ne a jere. Kowane faifai yakan ci kimanin minti goma. Ka riƙe wannan magana ta faifai biyu, don a kanta labarin ya rataya.

ABIN DA KE CIKI

Faifan farko dambe ne. Wata uku kafin fitowar fim ɗin, ranar 22 ga Satumba, 1927, an yi wani gagarumin damben zamani a birnin Shikago tsakanin Jack Dempsey da Gene Tunney, 'yan kallo sun haura 100,000. A turmi na bakwai Dempsey ya kai Tunney ƙasa. Dokarsu ita ce idan ka kayar da mutum sai ka matsa can lungu kafin alƙalin wasa ya fara ƙirga goma. Dempsey ya tsaya nawa, alƙali ya ƙi fara ƙirga, Tunney ya samu ƙarin lokaci ya farfaɗo, ƙarshe ma shi ya ci damben. An daɗe ana gardama a kan wannan a Amurka. To shi su Laurel suka mayar abin dariya. Laurel ne ɗan damben, Hardy ne ubangidansa. Bisa tsautsayi Laurel ya kayar da ƙaton da aka haɗa su, amma ya kasa gane cewa matsawa zai yi, har ƙaton ya tashi ya shimfiɗe shi.

Da Hardy ya ga dambe ba zai kawo kuɗi ba, sai ya yi wa Laurel inshorar haɗari, wato idan ya ji rauni a biya kuɗi. Daga nan ya shiga neman yadda abokinsa zai karye. Ya yar da ɓawon ayaba a hanya don Laurel ya taka. Hausawa dai sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wanda ya taka ɓawon wani mai rarraba fai ne, ya fito ɗauke da tire. Shi fai wani abincin Turawa ne mai zaƙi, faɗinsa kamar faranti, ƙasansa gurasa, samansa kirim mai kauri kamar kindirmo. Mutumin ya tashi ya manna wa Hardy guda a fuska. Hardy ya ɗauki wani zai rama, ya kuskure ya sami wata mata. Ita ma ta zo ta ɗauka ta jefa, ya sauka kan wani. Haka abin ya yi ta yaɗuwa: mai zaune ana goge masa takalmi ya samu, wanda ya wangale baki a kujerar likitan haƙori ya samu, wanda ya leƙo daga ramin kwata ya samu. Motar fai tana tsaye a bakin titi, kowa sai ya je ya ɗebo. Kafin ka ce kwabo unguwa ta rikice.

Gwanintar a nan take, malam: ba hauka suka fara da shi ba. Duk wanda aka jefa sai ya tsaya tukuna, ya share ido a hankali, ya dubi wanda ya yi masa, sannan ya taka cikin natsuwa ya ɗauko nasa. Mai kallo ya san abin da zai faru, jiran ne ke ƙara masa dariya. Daga ƙarshe wata mata mai ji da kanta, Anita Garvin ce ta fito a matsayinta, ta zame ta zauna daɓas a kan fai. Ta miƙe tana waige-waige ko wani ya gani, ta tafi tana ɗan karkaɗe ƙafa. Masana fim har yau suna yabon wannan ɗan guntun wuri. An ƙiyasta fai fiye da 3,000 aka jefa wajen ɗaukar wannan faɗa.

YAYA FIM KE ƁACEWA?

Yanzu ga babbar tambayarka. Dalili na farko shi ne abin da ake yin zaren fim da shi. Har zuwa wajen 1951, zaren da ake kai wa gidajen silima da wani sinadari ake yin sa mai suna naitiret, ɗan'uwan albarushi. Aibinsa biyu ne. Na ɗaya, yana ruɓewa da kansa, musamman a wuri mai zafi da laima. Da fari hoton ya dusashe, sai zaren ya fara danƙo yana wari, sai ya dunƙule, ƙarshe ka buɗe gwangwani ka tarar da gari ja-ja. Manomin da ya taɓa buɗe buhun wake ya tarar ƙwari sun mai da shi gari ya san irin wannan takaici. Na biyu, yana kama wuta, kuma idan ya kama ruwa ba ya kashe shi, don shi da kansa yake samar da iskar da wutar ke ci.

Mutanen Kano sun ga wannan masifa da idonsu. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gidan silima na El-Duniya ya kama wuta ana cikin kallo, mutum 331 suka rasu. Binciken da gwamnati ta yi ya nuna daga ɗakin na'urar haska fim wutar ta tashi, inda zaren naitiret ya kama. Allah ya jiƙansu da rahama. A Amurka ma, a watan Yuli na 1937, lokacin tsananin zafi, rumbun ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey ya tashi da wuta, akasarin finafinansu marasa magana suka ƙone ƙurmus. A 1965 wani rumbun kamfanin MGM ma ya ƙone.

Dalili na biyu kuwa kasuwa ce, kai ma ka san halinta. A watan Oktoba na 1927 aka fito da fim ɗin The Jazz Singer wanda aka ji muryar ɗan wasa a cikinsa. Cikin shekara biyu zuwa uku kowa ya koma fim mai magana, marasa magana suka yi kwantai. Babu talabijin, babu bidiyo, ba wanda ya yi tsammanin za a sake neman su. Ajiyarsu na cin kuɗi, ga haɗarin gobara. Sannan a jikin zaren akwai 'yar azurfa, don da ita ake kama hoto. Sai kamfanoni suka riƙa ba da tsofaffin finafinai ana narkarwa ana cire azurfar. Kamfanin Universal haka ya yi da akasarin nasa a 1948.

A 2013 Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoto a kan wannan asara. Daga cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a Amurka tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya. Kashi 14 kacal suka rage cikakku a ainihin siffarsu. Ka ga ke nan cikin kowane buhu goma, bakwai sun tafi.

YADDA WANNAN YA ƁACE, DA YADDA YA DAWO

Kowane fim yana da uwa, wato zaren asali da aka ɗauka da kyamara. Daga jikinta ake buga kwafe-kwafen da ake rarrabawa. Su kwafen yawo suke yi daga silima zuwa silima har su tsufa a zubar. Uwar ita ce iri. Idan ta lalace, kuma ba kwafe, shi ke nan.

Wajen shekara 30 bayan fitowar fim ɗin, wani mai shirya finafinai, Robert Youngson, ya shiga rumbun Hal Roach yana tsintar wuraren ban dariya don ya harhaɗa su a fim guda. Ya tarar uwar Gumurzun Ƙarni ta fara ruɓewa. Ya zaɓi wajen minti uku na faɗan fai ya sa a fim ɗinsa mai suna The Golden Age of Comedy, wanda ya fito a 1957. Bayan haka uwar ta ƙarasa lalacewa. Hardy ya rasu a wannan shekara ta 1957, Laurel a 1965, Youngson a 1974. Aka wayi gari abin da duniya ta sani na fim ɗin minti ukun nan ne kawai. Wasu suna gode wa Youngson da ya ceto su, wasu suna jin haushinsa, suna cewa da ya ga dama ai da ya kwafe duka.

A ƙarshen shekarun 1970 aka gano faifan farko, na damben, a ma'ajiyar gidan adana kayan fasahar zamani da ke Niyok. Aka yi murna, amma faifai na biyu, wanda kowa ya fi so, shiru. Aka nema a Amurka da Turai har aka gaji.

Ashe yana nan. Ashe Youngson ya buga wa kansa kwafen faifan na biyu cikakke, a kan ƙaramin zare mai faɗin milimita 16. Shi irin wannan ƙaramin zare don gidaje da makarantu aka yi shi, saboda haka tun asali ba a yin sa da naitiret. Abin da ya tsirar da shi ke nan. Bayan rasuwar Youngson, wasu daga cikin kayansa suka faɗa hannun wani mai sha'awar tara tsofaffin finafinai, Gordon Berkow, wanda ya tara fiye da 2,000. Shi ma ya rasu a 2004. Daga baya tarin ya koma hannun Jon Mirsalis, wani masanin kimiyya a Kalifoniya, wanda aikinsa binciken guba da magunguna ne, amma a lokacin hutunsa yakan kaɗa fiyano a wuraren nuna finafinai marasa magana.

Mirsalis ya bi gwangwanayen nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wanda aka rubuta sunan wannan fim a jikinsa, ya ɗauka minti ukun nan ne da kowa ke da shi. Ya ɗora a na'ura, sai ya ga abubuwan da bai taɓa gani ba, fim yana ta tafiya bai ƙare ba. Faifai na biyu ne sukutum. Abin nema ya samu, wai matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

A watan Yuni na 2015 ya ba da labari a wani taron masana a garin Culpeper na jihar Bajiniya. A nan ne Babban Ɗakin Karatun yake da ma'ajiyar finafinai a jikin wani tsauni, da ɗakuna 124 masu sanyi don zaren naitiret kaɗai. Shi taron a lokacin kamar cigiya yake: a haska guntun fim da ba a san sunansa ba, duk wanda ya gane fuskar wani ɗan wasa ko wani titi sai ya ɗaga murya ya faɗa. Kafin a watse labari ya bazu, jaridu suka ɗauka. Kamfanin Lobster Films na birnin Faris, a ƙarƙashin Serge Bromberg, ya karɓi aikin gyara. Aka ɗauki hotunan ɗaya-ɗaya aka sa a kwamfuta, aka share ƙura da ƙarce, aka haɗa da faifan farko. A watan Satumba na 2015 aka nuna shi a bikin finafinai na Telluride a Amurka, a watan Oktoba kuma a Landan. Shekara 88 ke nan bayan fitowarsa. A 2020 aka sa shi cikin jerin finafinan da Amurka ta ɗauka a matsayin kayan tarihin ƙasa.

Duk da haka akwai ɗan giɓi. Guntun ƙarshen faifan farko, inda mai inshora ya zo, har yanzu ba a same shi ba. Da hotuna marasa motsi da rubutu aka cike wurin.

BA SHI KAƊAI BA NE

Irin wannan tsintuwa takan faru jefi-jefi. A 1978, a garin Dawson da ke can arewacin Kanada, masu haƙa suka ci karo da faifai fiye da 500 da aka binne a wani tsohon wurin wanka tun 1929. Ƙasar wurin ƙanƙara ce, sanyin ya hana su ruɓewa. A 2010 aka sanar da gano wani fim na 1914 mai suna A Thief Catcher, wanda wani mai bincike, Paul Gierucki, ya saya a kasuwar tsofaffin kaya a jihar Mishigan. Da ya kalla sai ga Chaplin a ciki yana ɗan sanda, alhali an manta ma ya fito a wannan fim. Wani fim kuma na su Laurel da Hardy mai suna Hats Off, shi ma na 1927, inda suke fama da hawa da injin wanki kan wata doguwar matakala, har yau cigiyarsa ake yi.

MAGANAR JIFA DA ABINCI

To malam, wanda ya san wahalar noma da tsadar hatsi, dole ransa ya sosu idan ya ji an zubar da abinci haka, kuma ba za mu ce maka ba ɓarna ba ce. Amma ka dubi abin da fim ɗin ke nunawa. Mutum ɗaya ne ya yi kwaɗayin kuɗi ya ɗana wa abokinsa tarko. Wanda ba ruwansa ya faɗa. Daga nan ba wanda ya yarda ya haƙura, kowa sai ya rama, ramuwar kuma tana sauka kan wanda bai ji ba bai gani ba. Cikin minti kaɗan manya masu kwat da hula sun koma yara, ba mai iya faɗin abin da ya haɗa faɗan. An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, to a nan duk wanda ya tsaya kallo sai da ya sha nasa. Wanda ya taɓa ganin yadda gardamar canji ko ta kan iyakar gona ke zama rigimar dangi da dangi, ya san abin da ake yi wa dariya.

Murnar da suka yi kuwa, murna ce ta wanda ya ɗauka irin kakansa ya ƙare, sai ya tarar da damin guda a ƙuryar rumbu. Mutanen da suka yi fim ɗin duk sun mutu, titunan sun sauya, ba yadda za a sake yin sa. Kuma ka lura, ba kamfani mai kuɗi ne ya adana shi ba, mutum uku ne suka miƙa wa juna, kowa ya ajiye gwangwanin bai yar ba.

Saboda haka jama'a, mai tsohon kaset na waƙa ko na wasan kwaikwayo, mai tsofaffin hotuna, mai takardun ajami na kakanni, a raba su da zafin rana da laima da gara. A samu yaro mai waya ko kwamfuta ya kwafe, a rubuta sunan abin da shekararsa a jiki, don da ba a rubuta suna a gwangwanin nan ba, da wataƙila har yanzu yana jibge. Da tsohuwar zuma ake magani.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Masu sauran tambayoyi a ci gaba da aiko mana, a kuma rubuta sunan gari sosai yadda za mu iya karantawa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawo kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.